Kibiyar da Na Zana wa Gwaggo

Sana'ata zanen taswira ce. Ni ba injiniya ba ne, ko da yake rabin mutanen unguwarmu Harra ta Gabas, a nan Madina, muhandis suke ce mini, na kuma gaji da gyara musu. Masu awo su fita cikin rana su auno fili, su kawo mini lambobi, ni in zauna a inuwa in mayar da su layi. Na fi shekara talatin ina wannan aiki a wani ƙaramin ofis a Aƙiƙ, tun zamanin fensir da tawada har kwamfuta ta zo ta hutar da mu wanke hannu. Abin da aikin ya bar mini shi ne bin diddigi. Ba na iya ganin layi a takarda ban tambayi wanda ya ja shi ba, da inda yake zaune lokacin da ya ja.

A shekarar da nake magana ba ma zaune a gidanmu. Mahaifiyarmu ta rasu ta bar mana gidan baƙin dutse da kakanmu ya gina a Harra, bayan ya zo hajji daga ƙasar Kano ya ƙi komawa. Bango ya fara tsagewa, rufi na yoyo duk ranar da Allah ya kawo ruwa. Mu uku ne, Yayana da ni da ƙanwarmu, muka shirya a rushe shi a ta da bene hawa uku, kowa da hawansa. Kafin a gama muka kama haya a unguwar Jurf, can arewa da gari, muka kwashe kayanmu, muka tafi da Gwaggo.

Gwaggon nan ba ƙanwar ubanmu ba ce, ba mu haɗa jini ko ta ina ba. Bahaushiyar Cadi ce, ta zo hajji da mijinta tana da ƙuruciya, ya kwanta ciwo a Madina ya rasu. Mahaifiyarmu ta tsince ta a Harami tana kuka da Hausa, ta kawo ta gida don ta kwana biyu. Kwana biyun nan ne ya kai shekara arba'in da wani abu. Baba ya gina mata ɗaki da bulo da kwano a kusurwar tsakar gida, jikin tankin ruwa. Ita ta goyi ƙanwata, ita kuma ta yi mini dukan da na fi tunawa a rayuwata, ranar da na zana jaki da gawayi a bangon maƙwabta. Tun daga ranar take ce mini Muhandis, kuma ba don girmamawa ba.

Kullum da hantsi sai ta yafa mayafinta ta kama hanyar Harami a ƙafa. Daga gabas muke, don haka sai ta bi ta jikin katangar Baƙi'a. Mata ba sa shiga maƙabartar, a waje take tsayawa ta yi wa mijinta sallama. Daga baya ta ƙara da Baba, daga baya kuma da mahaifiyarmu. Sannan ta wuce masallaci, ba za a gan ta ba sai bayan la'asar. Mun saba da wannan har ba ma lura, kamar yadda mutum ba ya lura da ƙofar ɗakinsa.

A Jurf muka ɗauki wata al'ada. Duk Juma'a bayan an ci shinkafa sai a share tsakar falo, in baza taswirar sabon gida a ƙasa, mu zagaye ta. Yaya ya ɗora tabarau a kan hanci, ya riƙe murfin biro yana nuni kamar shi ya karanta aikin. A nan muka yi ta faɗa kan wanda zai samu tagar da ke kallon Harami, da inda za a sa kicin, da ko ƙanwarmu ta cancanci baranda. Ni na yi zanen, kuma yadda aka koya mini na yi: na ɗauko sakki, wato takardar mallakar gidan, na zana abin da ke ciki. Ɗakin Gwaggo ba ya cikin sakki, don bayan an rubuta shi aka gina, ba wanda kuma ya je ya shaida wa hukuma. Da na zo wannan kusurwa na ga fili ne babu komai, na ji daɗi, na sa matakalar bene a wurin.

Sau ɗaya ƙanwarmu ta tambaya ina za a sa Gwaggo. Yaya ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Babbar 'yar ƙanwar tamu tana aure a nan Jurf, Gwaggo ta zauna wurinta. Akwai na'urar sanyi, akwai lif na hawa bene, asibiti na kusa, tsohuwa ta huta da tafiyar ƙafa. Duk muka ga wannan alheri ne. Don kada in manta, na ɗauki jan fensir na zana kibiya daga kusurwar tanki zuwa gefen takarda, ta ɓangaren da Jurf take, na rubuta Gwaggo a bakinta. Kibiyar ta yi kyau, da ma hannuna bai taɓa ba ni kunya ba.

A cikin waɗannan watanni ne aka kawo mana wani injiniya Bajamushe ofis, don wani aikin magudanar ruwa. Ya musulunta tun yana saurayi, ya yi karatu a nan Madina, Larabcinsa na littafi ne zalla, in ya nemi shayi sai ka ɗauka huɗuba zai fara. Na so shi don yana girmama layi. Wata rana ya ga tsofaffin taswirorin da nake tarawa a ƙasan tebur, ya ce shi ma yana da guda ɗaya da ba ya rabuwa da ita. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini hoton wata taswira ta gabashin ƙasarsu, ya sa yatsa a wani ɗigo kusa da teku ya ce garin kakarsa ke nan. Sai dai yanzu garin ba a Jamus yake ba, a Poland yake, sunansa ma ya canja, kuma babu ko mutum ɗaya daga danginsu a cikinsa.

Ni da ban san komai kan Yaƙin Duniya na Biyu ba sai abin da nake tsinta a talabijin, na ce to wa ya matsar da garin? Ya yi dariya ya ce gari bai motsa ba, layi ne ya motsa. Na ce to wa ya ja layin? Wannan tambaya ta cinye mana hutun azahar na sati biyu.

Ya faɗa mini cewa da sojojin Jamus suka mamaye Poland, shugabannin ƙasar sun tsere, suka ƙare a Landan, suka kafa gwamnati a can alhali ba su da ko taku ɗaya na ƙasa a hannunsu. Suna da ministoci, suna da ofisoshi a gidajen haya. Cikin aikin da suka sa a gaba har da tsara yadda ƙasarsu za ta kasance in an ci yaƙi: ina iyaka za ta bi, wane yanki za a yanka daga Jamus a ƙara musu, da yadda za a kwashe Jamusawan da ke zaune a wurin a tura su yamma. Abin ya ɗaure mini kai. Mutane ba su da gida, ba su san ko za su koma ba, amma suna raba ɗakuna. Na yi dariya har ya tambaye ni dalili, na ce babu komai, na tuna Yayana ne.

Bai ɓoye mini laifin mutanensu ba. Ya ce lokacin da waɗannan mutane suke zane a Landan, ana kashe 'yan'uwansu a gida, ana korar su daga garuruwansu a zuba Jamusawa. Sun kuma ga yadda aka fake da Jamusawa mazauna wasu ƙasashe aka ta da yaƙi, don haka suka yanke cewa muddin aka bar su cikin iyaka, wata rana za a sake. Ya ce da shi ne a kujerarsu bai san abin da zai zana ba. Na ga ya faɗi wannan da nauyin baki, amma ya faɗa.

Ni kuwa tambayoyina na masu sana'a ne, har na fara ba shi haushi. A kan wane irin tebur suka baza taswirar? Wa ya riƙe fensir, minista ko wani irina da ba wanda ya san sunansa? Wane ma'auni suka yi aiki da shi? Ya ce bai sani ba, me ya dame ni da ma'auni. Na jawo takarda na nuna masa. In taswira ta ɗauki ƙasa guda a kan tebur ɗaya, milimita ɗaya a takarda tana iya zama kilomita ɗaya a ƙasa. Fensirin da ba a fiƙe sosai ba yakan ja layi mai kaurin haka. Ke nan cikin kaurin layin kansa akwai gonaki, akwai rijiyoyi, wataƙila da ƙauye sukutum, ba a wannan gefe ba, ba a wancan ba. Ya daɗe yana kallon layin da na ja, sannan ya ce shi injiniya ne amma wannan bai taɓa zo masa a rai ba.

Kashegari ya kawo mini wani littafi mai taswirar kwashe mutanen. Kibiyoyi ne manya, masu kauri a gindi, suna lanƙwasa daga gabas zuwa yamma. Na yaba wa wanda ya zana su, don ya san aikinsa, babu inda ɗaya ta hau kan ɗaya. Injiniyan ya ce kakarsa tana cikin ta sama, tana 'yar shekara goma sha wani abu, riƙe da hannun ƙaninta. Ya kuma ce a ƙarshe ba ma zanen mutanen Landan aka bi ba. Manyan ƙasashen da suka ci yaƙi ne suka ja nasu layin, suka tura iyakar yamma fiye da yadda da yawa cikinsu suka fara nema, suka kuma yanke gabashin Poland ɗin kanta. Wasu daga cikin masu zanen garuruwansu na haihuwa suka faɗa wajen ƙasa, kuma yawancinsu a gudun hijira suka mutu.

Na tambaye shi me tsohuwar ta fi kewa, gidan ko gonar. Ya ce abin mamaki, ba ta cika maganar gida ba, gidan da ta samu a yamma ma ya fi nasu na da kyau. Hanya take faɗa. Hanyar da take bi daga ƙofarsu zuwa makaranta, ta gaban gidan mai burodi, ta kan wata 'yar gada, ta jikin maƙabartar da aka binne kakanninta. Har ta tsufa ta fara manta sunayen jikokinta, amma in aka zaunar da ita sai ta bi hanyar nan da baki, kwana bayan kwana, ba ta ɓata.

Ranar Alhamis ce, na tattara kayana na tafi gida.

Washegari bayan shinkafa na baza taswira kamar kullum. Takardar ta daɗe a naɗe, gefenta yana ta naɗewa. Gwaggo ta shigo da tiren shayi, Yaya ya ce mata ta ɗora a kan kusurwar can don ta danne. Ta sunkuya da ƙyar ta ajiye, daidai kan jar kibiyata, gindinta kawai ya leƙo daga ƙarƙashin tire. Ta miƙe ta fita. Yaya ya ci gaba da maganar baranda, ni kuwa ban ji ko kalma ɗaya ba. Kunya ce ta kama ni, irin wadda take sa mutum zufa a ɗaki mai sanyi. Na san abin namu bai kai a haɗa shi da na ƙasashe ba, tsohuwa ɗaya ce da akwatin ƙarfe ɗaya. Amma mutanen Landan suna da dalili, an ƙone musu gari. Gwaggo ba ta yi mana komai ba sai goyo.

Satin nan na sa mata ido, abin da ban yi ba tun da muka taso daga Harra. Da hantsi takan yafa mayafi kamar da, ta sa takalmi, ta zauna a kujerar bakin taga. Daga Jurf ba a zuwa Harami a ƙafa, sai da mota, ita kuma ba ta iya roƙo ba. In ta ga wani cikin 'ya'yanmu zai fita sai ta tambaye shi da Hausa ko ta wajen Harami zai bi, ya amsa mata da Larabci cewa sai an jima, ya wuce. In azahar ta yi sai ta cire takalmin ta yi salla a ɗaki. Ranar Juma'a kaɗai ake kai ta, a sauke ta ta ƙofar arewa, a ɗauko ta a wurin. Wata bakwai ke nan ba ta tsaya a katangar Baƙi'a ba. Mu kuwa muna cewa ta huta.

A ofis na ɗauko taswirar gari na auna. Daga tsohon gidanmu zuwa katangar, babban yatsana ya rufe tazarar har da saura. Sau nawa na zana unguwar nan, ban taɓa sa wannan hanya a takarda ba, don ba wanda ya taɓa kawo mini lambobinta.

Hawan ƙasa shi ne rabona, kuma a cikinsa na ware wa kaina ɗakin baƙi mai faɗi da ƙofa zuwa titi. Shekara da shekaru ina mafarkin wannan ɗaki, har na zana inda kantocin taswirorina za su tsaya. Ba zan yi ƙarya ba, sai da na kwana uku ina neman wani wurin da zan tura Gwaggo. Na gwada ƙarƙashin matakala, na ga ko akuya ba za a ɗaure a nan ba. Na gwada saman bene, na tuna gwiwoyinta. Rana ta huɗu na raba ɗakin baƙin biyu, na ba ta ɓangaren da ke da ƙofar titi, na sa mata banɗaki.

Yaya ya yi tsalle ya dire. Ya ce an riga an kai taswira baladiyya, hukumar da ke ba da izinin gini, duk canji zai mayar da mu baya wata da watanni, kowa ya gaji da zaman haya. Ya ce Gwaggo ba magajiya ba ce, kuma tsohuwa ce, wa ya san kwana nawa suka rage mata da za a sake gini dominta. Ba mugu ba ne Yayana, shi yake sayo mata magani, amma in ya tsara abu ba ya son a taɓa. Ni ma na hau, na ce masa a hawana ne, ba a nasa ba, in kuma kwana kaɗan suka rage mata to ai shi ne dalilin. Sai da muka gaji, sannan ƙanwarmu ta ce ita dai a bayan matar nan ta girma. Yaya ya cire tabarau ya ce mu yi yadda muka ga dama. Sai da ya yi sati biyu yana amsa gaisuwata a taƙaice.

Da hantsin wata Asabar na ɗauki sabuwar taswira na same ta a bakin taga, da mayafinta da takalminta. Na durƙusa na baza takardar a gabanta, na fara bayani kamar ina gaban mai gida, ga titi, ga ƙofa, ga ɗaki. Na ɗauka ba za ta gane komai ba, tunda layi ne kawai da lambobi. Ta sunkuyo ta ɗora yatsa a kan da'irar tanki, ta ja shi a hankali har ɗakin.

"Ƙofar gabas take kallo ko yamma, Muhandis?"

"Yamma, Gwaggo. Kina fita kin kama hanya."

"Ɗayyib, madalla," in ji ta. "Wannan ta fi ta farko."

Na ce wace ta farko.

"Mai jan abin nan. Wadda kuke sa ni in ɗora shayi a kanta." Ta gyara mayafinta. "Ni ban iya karatunku ba, amma na san tanki. Shekara arba'in ina jin ɗigarsa. Na ga kun sa daraj na hawa bene a wurina, na ga jan abu ya fita waje."

Na tambaye ta tun yaushe ta gani. Ta ce tun Juma'ar farko. Ta ce har ta sa wata ƙawarta ta tambayo mata gadon kwana a wani gidan waƙafi na tsofaffin mata da ke kusa da Harami, an ce ta jira sai wata ta rasu, tana nan tana jira. Wata bakwai tana kawo mana shayi a kan takardar nan, tana jiran mutuwar wata tsohuwa da ba ta sani ba.

"Gwaggo, me ya hana ki yi magana?"

"Gidanku ne, ɗan nan. Uwarku ce ta ce in zauna, ban roƙa ba. In na buɗe baki yanzu na tuna muku, ya zama roƙo ke nan, ni kuwa ban iya zaman roƙo ba."

Na naɗe takardar, na ɗaure ta da roba ba daidai ba. Ita kuwa ta leƙa taga, ta dubi rana, ta ce in ba aiki zan tafi ba, in kuma ta wajen Harami zan bi, in sauke ta ta gabas, tana da mutanen da ta daɗe ba ta gaisar ba.

Na ɗauko makullin mota. A bakin katangar Baƙi'a na tsaya daga bayanta ina jin tana jero su ɗaya bayan ɗaya, mijinta, Baba, sannan mahaifiyarmu. Da ta zo kan mahaifiyar tamu sai ta rage murya, amma na ji. Ta ce mata ta yi haƙuri da rashin zuwa, yaran sun yi ƙaura ne, amma sun ce za a koma.